Abincin Yini a Garin da Ake Biyan Hayar Shekara

Wata ranar Lahadi cikin damina, bayan an tashi daga sujadar Hausa a majami'armu da ke ɓangaren Agege, ruwan sama ya tsare mu a baranda, sai na ji wani saurayi ɗan Adamawa yana magana da ɗaya daga cikin dattawan ikilisiya da muryar da ta fi kama da kuka. Ya ce, "Baba, yau ma an karanta mana cewa mu fara biɗar Mulkin Allah, sauran abubuwa za a ƙara mana. Tun da na zo Legas ban yi fashin sujada ba, zakkata ba ta taɓa kwana a aljihuna ba, ga shi an kama babur ɗin da nake acaɓa da shi, mai gidan haya kuma ya ba ni wata guda in biya ko in kwashe kayana. To Baba, ina ƙarin yake?" Dattijon ya daɗe bai ce uffan ba, sannan ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Ɗana, taho mu je gida ka ci abinci tukuna, sai mu yi magana." A lokacin na ɗauka kauce wa tambayar ya yi. Na daɗe ina juya abin a raina kafin in gane cewa a cikinmu duka da muka ji wa'azin ranar, shi ne ya fi kowa fahimtar ayar.

Alkawarin da Yesu ya yi a Matiyu 6:33 gaskiya ne, ni ma da shi nake rayuwa a garin nan, ba kuwa don in rage masa ƙarfi nake wannan rubutu ba. Damuwata ita ce yadda muka riƙe shi. Mun mai da shi ciniki tsakaninmu da Allah, mun cire masa kalma guda muka ajiye a gefe, wato adalci, sannan mun manta cewa sau da yawa hannun da Allah yake ciyar da mutum da shi hannun ɗan'uwansa ne. Saurayin nan bai ƙirƙiro tambayarsa daga kansa ba, koyarwar da muka ɗora masa ce ta haife ta.

Sai an san Legas sannan za a san nauyin tambayar. Tun ranar 1 ga Yuni, 2022 aka hana acaɓa a ƙananan hukumomi shida, ciki har da Ikeja da Apapa da Surulere, bayan 'yan watanni aka ƙara wasu huɗu, sana'ar da dubban samarin Arewa suke ci da ita ta koma ta ɓoye da gudu. A ranar 29 ga Mayu, 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura naira 1,000 kafin ƙarshen 2024, kuɗin mota da na abinci suka bi ta a baya. An mai da mafi ƙarancin albashi naira 70,000 a 2024, jihar Legas ta ce nata 85,000 ne, amma maigadi da mai shayi da ɗan dako a kasuwar Mile 12 da mai tura ruwa a kura ba su san da wannan lissafi ba sai a rediyo. A kan wannan duka ga hayar ɗaki, wadda a garin nan ba a san ta da wata-wata ba: shekara guda ake nema dunƙule, haɗe da kuɗin dillali da na takarda. Mutumin da yake samun kuɗinsa kullum-kullum, wanda kuma aka koya masa ya roƙi abincin yini a cikin Addu'ar Ubangiji, shi ne ake cewa ya kawo kuɗin kwana 365 a rana ɗaya.

Idan muka koma ga nassin kansa, za mu ga cewa mutanen da Yesu yake yi wa magana a kan dutse sun fi kama da 'yan dakon nan fiye da masu hannu da shuni. Tambayoyinsu uku ne: me za mu ci, me za mu sha, me za mu sa. Su ne "waɗannan abubuwa" da ya ce za a ƙara, ba wani abu dabam ba. Babu gidan bene a cikin jerin, babu mota, babu takardar fita waje. Kafin ya iso ga wannan aya kuwa, a cikin sura ɗaya, ya riga ya ce ba mai iya bauta wa Allah da dukiya gaba ɗaya. Abin mamaki ne ƙwarai a ɗauki maganar da aka faɗa don a raba zuciyar mutum da son dukiya a mai da ita hanyar tara dukiya. Haka ma labarin manna a Fitowa sura 16: kowa ya tara abin da zai ishe shi a ranar, wanda ya ɓoye saura don gobe ya wayi gari ya tarar ta yi tsutsa tana wari, sai dai a rana ta shida da aka umarce su su tara na kwana biyu saboda Asabar. Shekara arba'in Allah yana koya wa al'umma guda cewa shi ne abin dogara, ba rumbu ba.

Amma abin da ake ji a wurare da yawa a garin nan, a tarukan kwanan addu'a, a allunan da ke kan gadoji, a bidiyon da ake tura mana ta WhatsApp, wani abu ne dabam. Ana miƙa maka ambulan a ce ka shuka iri, ana kiran masu naira dubu ɗari su fito gaba, sannan masu hamsin, sannan masu goma, ana ce maka girman irinka shi ne girman girbinka. Majami'un Hausa da muka gada daga gida, irin su ECWA da COCIN da EYN da HEKAN, ba a kan wannan aka gina su ba, iyayenmu sun san baiko da zakka da godiyar kaka, inda manomi zai kawo damin dawa ko buhun masara ya ajiye a gaban ikilisiya ba tare da ya sa wa Allah sharaɗi ba. Sai dai iskar gari tana shiga kowane ɗaki, samarinmu suna zuwa can da daddare su dawo nan da safe, wasu masu wa'azinmu ma sun fara aron harshen don kada a ce sun zama na dā. Bayarwa abu ne mai kyau wanda Littafi Mai Tsarki ya umarta. Abin da nake ƙi shi ne a gaya wa mai bayarwa cewa saye yake yi. Da Siman mai sihiri ya miƙa wa manzanni kuɗi a Samariya don ya sami ikon Ruhu Mai Tsarki, Bitrus ya tsawata masa da kakkausar murya domin ya zaci ana sayen baiwar Allah da kuɗi, labarin kuwa yana nan a Ayyukan Manzanni sura 8 ga duk mai son karantawa.

Mugun abin da wannan koyarwa take yi ba ya bayyana a ranar da aka karɓi ambulan, sai bayan wata uku, sa'ad da girbin bai zo ba. A nan ne za a ce wa mutum bangaskiyarsa ce ta gaza, ko akwai zunubin da ya ɓoye, ko wani daga ƙauyensu ne ya ɗaure shi. Talauci ya koma laifi, talaka ya shiga zargin kansa da danginsa. Ina so wanda yake koyar da haka ya zo ya zauna a bencin baya na kowace sujadar Hausa a Legas ya dubi mutanen da ke wurin. Akwai waɗanda suka baro Gwoza da Madagali da Michika a 2014 da rigar da ke jikinsu kawai, aka ƙone majami'unsu da rumbunansu, wasu aka kashe musu iyaye a gabansu saboda sun ƙi musun Almasihu. Wane ne a cikinmu zai iya duban idon irin wannan mutum, wanda yau yake gadin ƙofar wani a Lekki ko yake kwana a runfa a Mile 12, ya ce masa da ya fara biɗar Mulkin Allah da ba haka ba?

Tarihin bisharar da ta iso gare mu ma bai goyi bayan wannan ciniki ba. A watan Disamba na 1893 samari uku suka sauka a nan Legas, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, da niyyar kai bishara cikin ƙasar da a lokacin Turawa suke kira Sudan, wato yankinmu na Arewa da maƙwabtansa, ba kuwa wata babbar ƙungiya da ta tsaya musu da albashi. Kafin ƙarshen 1894 Gowans da Kent sun rasu a cikin ƙasa, Bingham kuwa zazzaɓi ya kwantar da shi har ya koma gida. Sai a 1902 aikin ya kafu a Patigi, daga cikinsa ne kuma ECWA ta fito a 1954. Idan aka auna waɗannan biyu da suka mutu da ma'aunin ambulan, to sun shuka dukan abin da suke da shi ba su girbe komai ba. Amma mu da muke rera waƙa da Hausa kowace Lahadi a Agege da Idi-Araba da Obalende, muna karanta Littafi Mai Tsarki da aka fara bugawa cikakke da harshenmu a 1932, mun san cewa Allah bai ci amanarsu ba.

Akwai wata ɓarna kuma da ba a cika danganta ta da wannan koyarwa ba, ni kuwa ina ganin uwarsu ɗaya. Zuciyar da aka saba mata da cewa naira dubu goma za ta zama dubu ɗari ba tare da gumi ba, ita ce take saurin faɗawa hannun 'yan damfara. Da MMM, tsarin zuba kuɗi mai alkawarin ninka riba, ta rufe asusun mutane a Disambar 2016, masu bi da yawa suna cikin waɗanda suka yi kuka, wasu ma a harabar majami'a aka shigar da su, suna kiran abin buɗin Allah. Da wata irinta mai suna CBEX ta rushe a Afrilun 2025, labarin bai sake ba. Hausawa sun ce kwaɗayi mabuɗin wahala, Bulus kuma ya gargaɗi Timoti game da mutanen da suka ɗauki ibada hanyar samun riba, ya ce in muna da abinci da sutura sai mu gamsu da su.

Na san abin da za a ce mini, domin an sha faɗa mini shi: ai muna jin shaidu, akwai wanda ya ba da na ƙarshe da ke hannunsa Allah kuwa ya buɗe masa, ga kuma gwauruwar Zarefat da ta toya wa Iliya ɗan garin da ya rage mata, tukunyarta ba ta ƙare ba. Ban musa ba. Ni kaina ina da shaidar da zan iya bayarwa. A shekarata ta fari a garin nan na yi kwana biyu ban sa komai a bakina ba sai ruwa, kunya ta hana ni gaya wa kowa, na durƙusa na yi addu'a irin wadda ba ta da tsari, da yamma sai ga wata uwa daga cikin matan zumunta ta aiko yaro da kwanon tuwo da miyar kuka, da saƙon cewa, "Ka gaya wa yayanka na ga fuskarsa ranar Lahadi ba ta yi mini ba." Har gobe na gaskata Allah ne ya amsa mini. Amma idan na bi sawun amsar, sai in tarar ta bi ta idon wata mata da ta kula, da zuciyarta da ta motsa, da tukunyarta da ba ta cika ba. Gwauruwar Zarefat ma ba riba ta je nema ba, baƙo mai yunwa ta ciyar a cikin fari, abin da ta samu kuwa abincin kowace rana ne har ruwa ya sauka. Ayar nan ta Filibiyawa 4:19 da muke son liƙawa a jikin mota, wadda ta ce Allah zai biya dukan bukatunku, Bulus ya rubuta ta ne daga kurkuku zuwa ga ikilisiyar da ta aiko masa da gudummawa, bayan ya gama gaya musu cewa ya san ƙoshi ya san yunwa, ya kuma koyi zama da wadar zuci a kowane hali.

Wasu kuma sukan kauce ta ɗaya gefen, su naɗe hannu su ce bakin da Allah ya tsaga ba ya hana shi abinci. Karin maganar gaskiya ce, amma waɗanda suka yi ta su ne kuma suka ce Allah ya ce tashi in taimake ka. Bulus da hannunsa ya yi ɗinkin tanti a Koranti, ya kuma rubuta wa Tasalonikawa cewa wanda ya ƙi aiki kada a ba shi abinci. Duk wanda ya taɓa zuwa Mile 12 da asuba ya ga yadda Allah yake ciyar da garin nan: manomin rani a Kadawa ya shuka tumatir, direba ya kwana biyu a hanya, ɗan dako ya sauke kwando a kansa, mai kayan gwari ta kasa, sannan miya ta hau wuta a wani gida a Yaba. A kan wannan ba sai na tsawaita ba, domin mutanenmu a Legas ba ragwaye ba ne, wahalarsu ma ta yi yawa.

Inda nake so in daɗe shi ne kalmar da aka cire. Ayar Matiyu 6:33 ba ta tsaya a kan Mulkin Allah kawai ba, ta ce da adalcinsa. A ganina a nan ne ake gane wanda ya dogara ga Allah da gaske, domin dogara tana bayyana ne a cikin abin da mutum ya ƙi yi saboda kuɗi alhali yana cikin matsi. Mai sayar da hatsi da ya bar mudunsa yadda yake bai bubbuge gindinsa ba, mai tumatir da bai jera masu kyau a sama ya ɓoye ruɓaɓɓu a ƙasan kwando ba, maigadin da aka yi wa tayin kuɗin da ya fi albashinsa na shekara don ya bar ƙofa a buɗe ya ce a'a, ma'aikacin da aka ce ya ƙara sifili a takarda ya ƙi, kowannensu ya yi asarar da yake gani da idonsa saboda alkawarin da bai gani ba tukuna. Wannan ta fi jefa kuɗi a ambulan wuya nesa ba kusa ba, domin mai ambulan yana jiran ninki, shi kuwa wannan abin da yake jira kawai shi ne Allah ya rufa masa asiri. Kalmar tana kuma kama waɗanda Allah ya ɗan ɗaga a cikinmu. Akwai masu zama a kujerun gaba da suke ɗauko yarinya daga ƙauye da sunan za su sa ta makaranta, ta shekara uku tana wanke-wanke ba makaranta ba albashi, akwai masu riƙe kuɗin direba ko na maigadi wata biyu suna cewa ana ta fama. Yakubu ya ce a wasiƙarsa hakkin ma'aikacin da aka danne yana kuka, kukan kuwa yana kaiwa kunnen Ubangiji. Zakkar irin wannan mutum ba za ta toshe wancan kukan ba.

Daga nan maganar ta dawo kan ikilisiya kanta. Ayyukan Manzanni ya ce a cikin masu bi na fari ba a sami mai rashi ba, ya kuma faɗi dalili: masu gonaki da gidaje sun sayar sun kawo kuɗin, aka rarraba gwargwadon bukatar kowa. Da gunaguni ya tashi a kan rabon abincin gwauraye, manzanni ba su ce a je a yi azumi a kai ba, sai suka sa aka zaɓi mutum bakwai masu mutunci su riƙe aikin. Tun a Dokar Musa an hana mai gona girbe gefen gonarsa don matalauci da baƙo su yi kala, da wannan kala ce Rut ta ciyar da surukarta. Saboda haka ina roƙon dattawanmu da fastocinmu a Legas su dubi littafin kuɗin ikilisiya da idon basira. Nawa ne yake tafiya gini da fenti da na'urar sauti da bikin cika shekara, nawa ne kuma yake isa ga wanda aka kora daga ɗaki, da marar lafiyar da asibiti ya ce sai an ajiye kuɗi kafin a taɓa shi, da gawar da ake neman kuɗin motar kai ta gida? Ya kamata kowace majami'a ta sami asusun taimako tsayayye, da mutane amintattu maza da mata masu riƙe shi, a riƙa karanta lissafinsa a gaban jama'a kamar yadda ake karanta na gini, ba tare da an ambaci sunan wanda aka taimaka ba. Matan zumunta sun daɗe suna yin haka da adashinsu da ɗan abin da suke ɗaurewa a bakin zane, ba tare da kowa ya yaba musu ba. Maƙwabtanmu Musulmi a zango ma suna da abin da za mu koya daga gare su, domin tsohuwar al'adar fatauci ta sa baƙon da ya sauka daga mota bai san kowa ba yakan sami tabarma da kwano a wurin mutanen garinsu kafin ya sami abin yi.

Game da hayar shekara kuwa, ban ga saɓani tsakanin roƙon abincin yini da ajiye wani abu don mai gida ba. Yusufu ya tara hatsin shekara bakwai a Masar da hikimar da Allah ya ba shi. Abin da Yesu ya hana shi ne alhinin da yake cinye zuciya har mutum ya kasa barci, ya kasa addu'a, ya fara ganin kowace hanya halal ce. Mai zuba adashi kowane mako yana iya zama mai dogara ga Allah fiye da wanda ya kwashe kuɗin hayarsa ya kai taro don a ninka masa. Duk da haka ba zan ɓoye cewa akwai abin da ya fi ƙarfin bayanina ba. Na san masu bi na ƙwarai da suka yi aiki, suka yi gaskiya, suka bayar, suka kuma mutu ba su mallaki ko fili ba. Annabi Habakuk ya ce ko itacen ɓaure bai yi toho ba, ko gonaki ba su ba da abinci ba, ko garke ya zama kango, shi zai yi farin ciki da Allah Mai Cetonsa. Wannan ayar ba ta tara jama'a a taro, amma na ji an karanta ta a jana'izar wani tsoho mai gadi, 'ya'yansa kuwa suka ce ita ce ya fi so.

Saurayin nan na baranda ya ci abinci a gidan dattijon ranar, ya kuma kwana a can sati uku, a ɗaki ɗaya da 'ya'yan gidan. Babur ɗin bai dawo ba. Ƙungiyar maza ta haɗa abin da ya sauwaƙa, bai kai kuɗin hayar ba, sai wani ɗan'uwa mai sayar da albasa ya ɗauke shi yana taya shi sauke kaya da tsaron runfa, suka kama ɗaki su uku da wasu samari biyu a bayan kasuwa. Da na haɗu da shi kwanan baya na tambaye shi ya aiki, ya ce da godiya, har yanzu da sauran bashi a kansa, kuma ƙaninsa yana hanya daga gida, zai sauka a wurinsa ranar Alhamis.